Ratar Tafin Hannu

A layin masu sana'a da ke bayan tashar manyan motoci, babu mai kiran kafintan shagon ƙarshe da ainihin sunansa. Ba-Rata ake ce masa. Aikinsa ne ya jawo masa sunan: in ya haɗa katako biyu, ko reza ba ta samun wurin shiga tsakaninsu. Durowar da ya ƙera, in ka tura ta za ka ji iska ta fito da ɗan huci kafin ta rufu. Ya san da haka, kuma bai taɓa ganin dalilin yin kara a kan maganar ba.

Shi ya sa ranar da 'yar ƙanwarsa ta shigo shagon tare da malaminsu na kimiyya, suna turo wani abu lulluɓe da zanin gado a kan amalanke, bai tashi daga kan benci ba sai da ya gama goge ƙafar kujerar da ke hannunsa da samfefa.

Yarinyar tana ajin ƙarshe a sakandare. 'Yan makarantarsu Kyaftin suke ce mata, don ita ke jagorantar ƙungiyar masu ƙera mutum-mutumi. Shi kuwa Injiniya yake kiranta, tun ranar da ta kwance masa rediyo tana 'yar ƙarama ta kasa mayarwa.

"Kawu, sannu da aiki. Ga baƙo na kawo maka."

Ta yaye zanin. Abin ya kai ƙugun mutum tsayi. Tayoyi huɗu ne da shi, da batir a ciki, da wayoyi ja da baƙi an ɗaure su tsaf. A samansa akwai dogon hannu na alminiyam mai yatsu uku. Ta danna wani abu a hannunta, sai ya matsa gefe ba tare da ya juya ba, ya miƙa hannun, ya ɗauki fensirin da ke kan benci, ya ajiye a cikin gwangwanin ƙusa.

"Ƙaguwa muke ce masa," in ji ta. "Saboda tafiyar."

"Ya fi wasu ma'aikatan da na sani," in ji Ba-Rata. "Aƙalla yana mayar da abu wurinsa."

Malam ne ya yi bayanin abin da ya kawo su. Mutum ne siriri mai magana a hankali, kamar yana tsoron kada kalma ta zube. Gasar ta bana a wani gari mai nisa za a yi ta. Masu shirya gasar kan aiko da babbar mota ta kwashi mutum-mutumin kowace makaranta, ɗalibai su biyo baya a bas. Bara a kwalin firiji suka saka nasu, suka cusa tsofaffin tufafi. Da aka buɗe kwalin a can, hannun ya lanƙwashe, haƙoran giyar da ke kafaɗarsa sun kakkarye. A kujerun 'yan kallo suka ga gasar.

"Ni shawarata ita ce a sayo akwatin ƙarfe na kamfani," in ji Malam. "Amma Kyaftin ta tsaya a gaban shugaban makaranta ta ce kawunta zai yi wanda ya fi shi."

"Na riga na cika baki, Kawu," in ji ta. "A gaban kowa da kowa."

"Ba ki cika baki ba. Gaskiya kika faɗa."

Ya ɗauko tef ya shiga awo. Ya auna faɗi da tsawo, ya auna tsakanin tayoyi, ya sa ta naɗe hannun ya sake aunawa. Ya ɗaga Ƙaguwa sama kaɗan don ya ji inda nauyinsa ya karkata. Ya ce su mayar da abinsu makaranta, shi ba ya aiki da kayan mutane a kusa da zarto.

Akwatin da ya ƙera abin kallo ne. Filawud mai kauri ya sa, ya ɗaure kowace kusurwa da falanki, gam a ciki ƙusa a waje. A ƙasan akwatin ya fafe gurbi huɗu daidai da tayoyin. Ya yi wa hannun wani makwanci na katako wanda ya bi lanƙwasarsa tamkar an zuba shi a ciki. Maƙwabcinsa Mai Faci, wanda shagonsa na gyaran taya ke manne da nasa, ya leƙo yana goge hannu da tsumma.

"Wannan ai in na rasa ɗaki a nan zan tare. Akwai taga?"

"Akwai, amma ba ta masu ƙazanta ba."

Da Kyaftin ta zo bayan an tashi daga makaranta, ta zagaya akwatin, ta shafa shi, ta ƙwanƙwasa. Ba ta yi murmushin da yake jira ba.

"Kawu, sai mun gwada."

"A gwada me?"

"A jefo shi daga bayan mota. 'Yan dako ba sauke kaya suke yi ba, sakinsa suke yi."

"Ni za a yi wa jarrabawa, Injiniya? Tun ba a haifi uwarki ba... a'a, ƙarya zan yi, an haife ta. Amma tun ba ta iya ɗaura ɗankwali ba nake riƙe da guduma."

"To ai sai ka ci jarrabawar, kowa ya huta."

Maganar ta yi masa daidai. Bai yarda a gwada da Ƙaguwa na gaske ba, ita ma ba ta nemi haka ba. Da ragowar katako ya haɗa wani mai kama da shi, ya ɗaura masa bulo har nauyin ya yi daidai. A inda kafaɗar take, wurin giyar nan mai ƙananan haƙora, Kyaftin ta sa ya kafa ɗan gwangwani. Ta je shagon kayan masarufi ta dawo da ƙwai a leda, ta zaunar da ɗaya a gwangwanin, ta manne shi da salatif.

Akwai wata tsohuwar babbar mota da ta daɗe a gaban shagon Mai Faci tana jiran taya. Suka kira 'yan dako biyu daga tasha suka ɗora akwatin a bayanta. Ba-Rata da kansa ya tura shi.

Ƙarar ta sa masu walda na tsallaken layi suka ɗago kai. Ba-Rata ya sauko, ya duba kusurwoyi, ya bi kowane haɗi da ɗan yatsa. Babu inda ya tsage, ko ƙusa ɗaya ba ta motsa ba.

"Kin gani?" in ji shi.

Ta buɗe murfin. Ƙwan ya tarwatse, gwaiduwa na bin jikin katako tana gangarowa.

"Akwati dai ya rayu," in ji Mai Faci. "Allah Ya jiƙan fasinja."

Ba-Rata ya tsaya yana kallon gwaiduwar. Kyaftin ta ce abin da ake buƙata shi ne soso, irin na katifa, ya shiga tsakanin akwatin da abin da ke ciki. Ya ce wannan ai ba wani abu ba ne. Washegari ya sayo soso mai kauri, ya faɗaɗa gurabun, ya yanka shi. Sai dai hannunsa ya yi abin da ya saba. Duk inda ya ga ɗan wuri sai ya ƙara wani yanki ya danna, ya ƙara ya danna, har sai da sosan ya matse ya yi tauri kamar fatar ganga. Ya girgiza akwatin. Ko motsi babu a ciki. Ya gyaɗa kai.

A gwaji na biyu Malam yana wurin. Ƙwan bai tarwatse kamar na farko ba, amma ya tsage daga sama har ƙasa, ruwansa na tsattsafowa.

Malam ya cire tabarau ya goge. "Ba raina aikinka na yi ba, Maigida. Amma motar gasa tana tafe ƙarshen mako. In zan aika a kawo na kamfani, gobe ne ƙarshen lokacin da zan iya aikawa."

"Ka ba ni zuwa goben," in ji Ba-Rata.

Malam ya dubi Kyaftin. Ita ce za ta koma ofishin shugaban makaranta ta ce kawun nata ya kasa. Ta ce, "Zuwa gobe, Malam." Ya tafi.

Ba-Rata ya zauna a kan benci yana juya fensiri a hannu. Bai ga inda ya yi kuskure ba, kuma wannan ne ya fi damunsa. Abin da ba ya motsi ba ya karyewa. A kan wannan ya gina kowace kujera da kowane kabad da ya fita daga shagon nan.

"Kawu."

Ya ɗago. Ƙwai ne a iska yana tahowa wajen ƙirjinsa. Ya saki fensirin ya cafe shi da hannu biyu.

"Ke! Ba ki da hankali ne?"

"Ya fashe?"

Ya buɗe hannunsa. Lafiya lau.

"Me ya sa ka ja hannunka baya da ka cafe?"

"Ban ja ba."

"Ka ja. Har gwiwar hannunka ta bugi bango. Miƙo, in sake jefowa, amma wannan karon ka sandare hannun kamar katako."

Bai miƙa ba. Ya ci gaba da kallon ƙwan. A hankali ya ɗaga shi sama, ya sauko da hannun ƙasa, ya sake yi, kamar mai auna nauyin wani abu.

"Wato wuri yake so," in ji shi. "Wurin da zai tafi kafin ya tsaya."

"Shi ke nan abin da ke cikin littafinmu na kimiyya. Sai dai su sun cika shafi huɗu kafin su faɗa."

"Rata kike so in bari."

"Babba ma kuwa."

Ya ajiye ƙwan a gwangwanin ƙusa. Ya miƙe, ya leƙa ta ƙofa.

"Mai Faci! Tsofaffin tiyub ɗin nan da ka tara kamar gadon kakanka, kawo min su."

Da sassafe ya kwance akwatin da ya yi alfahari da shi, bango bayan bango. Sabon da ya tayar ya fi na da girma ta kowane gefe da faɗin tafin hannu. A ciki ya yi wani dandamali daban, wanda ba ya taɓa bango ko ƙasa. A kan dandamalin nan ya zuba duk abin da ya iya: gurabun tayoyi daidai wa daida, ginshiƙi mai makwancin hannu, noti huɗu masu kama ƙasan mutum-mutumin. Nan kam ko reza ba za ta shiga ba. Sannan ya yanka tiyub ɗin Mai Faci dogaye-dogaye, ya rataye dandamalin da su daga kusurwoyin sama, ya janyo shi da wasu daga kusurwoyin ƙasa, har ya tsaya a tsakiya yana ɗan lilo. Soso ya shimfiɗa a ƙasa da jikin bango, sakwa-sakwa, bai danna ba.

Nan ne aikin ya yi masa wuya. Ya ga ratar nan a buɗe ta kowane gefe, hannunsa ya kai ga wani guntun katako da zai toshe ta cif. Har ya ɗauka ya gwada, ya shiga kamar don wurin aka yanka shi. Ya tsaya. Ya zare shi ya wurga cikin kwandon shara, ya tura kwandon ƙarƙashin benci da ƙafa.

A waje kuma, kowace kusurwa ya ɗora mata dunƙulen katako mai taushi, irin wanda a da ko ƙafar kujerar yara ba zai yi da shi ba. Ƙusa bibbiyu kawai ya sa musu.

Mai Faci ya shigo ya tura dandamalin da yatsa. Ya tafi, ya dawo, ya tafi, ya dawo.

"Jama'a ku zo ku gani! Ba-Rata ya bar rata, har akuya za ta kwana a ciki. Kuma waɗannan kusurwoyin fa? Ko tari na yi za su faɗi."

"Don su faɗi na sa su."

"Ka ji tsufa. Da ma haka yake farawa."

Da rana Malam da Kyaftin suka iso. Aka saka mai kama da Ƙaguwa da ƙwansa a ciki, aka ɗora akwatin a bayan tsohuwar motar, Ba-Rata ya tura. Ƙarar ba ta kai ta da ba. Dunƙulen kusurwa ɗaya ya murƙushe ya fita gefe, daga ciki kuma aka ji robar tana ɗan kuka tana lafawa. Kyaftin ta buɗe. Ta ɓare salatif ɗin, ta ɗago ƙwan, ta juya shi a rana.

Malam ya ce a sake. Aka sake, wannan karon a kan gefensa ya faɗi. Ƙwan dai shi ne. Malam ya mayar da wayarsa aljihu.

"Shi ke nan, Maigida. Ba sai na aika ba."

"Da ma ba sai ka aika ba," in ji Ba-Rata, yana neman sabon dunƙule.

Ranar da motar gasa ta zo, a ƙofar shagon ta tsaya, don a nan aka ɗaure Ƙaguwa na gaske a kan dandamalinsa. Direban ƙato ne mai tawul a wuya, ya shekara da shekaru yana dakon kayan mutane. Da 'yan dako suka ɗaga akwatin sai ya ɗaga musu hannu. Ya sa kafaɗa ya tura shi, ya kara kunne.

"Wane kafinta ne ya yi wannan? Kayan rawa suke yi a ciki."

Masu walda sun tsallako kallo, ga 'yan ƙungiyar su Kyaftin, ga Mai Faci a gaba-gaba.

"Ni ne," in ji Ba-Rata.

"To Baba, ba a yi aiki ba. Hanyar nan da ka gani ramuka ne zalla. Kayan da ke motsi kafin mu yi rabi sun zama gari. A buɗe, in cusa kwalaye da guntayen katako in matse shi. Haka nake yi wa kowa, kyauta."

A layin nan babu wanda ya taɓa ce wa Ba-Rata ba a yi aiki ba. Kyaftin ta matso za ta yi bayani, kawun ya ɗaga mata yatsa.

"A buɗe," in ji shi.

Aka buɗe. Ya shiga shago ya fito da ƙwan nan da ya tsallake faɗuwa biyu. Ya ƙulle shi a leda, ya manne shi a jikin ginshiƙin, dab da kafaɗar Ƙaguwa.

"Kawu, in ya fashe a kan wayoyina fa?"

"Ba ga leda ba? Kuma ba zai fashe ba." Ya juya wajen direban. "Kai kuma ga sharaɗi. Akwatin ka ɗaure shi a jikin mota yadda ka ga dama, ka matse shi har igiya ta yi kuka. Amma cikinsa ko tsinke kada ka sa. In kun isa an tarar ƙwan nan a fashe, ka dawo layin nan ka tsaya a inda kake tsaye, ka faɗa wa kowa ban iya aiki ba. Ni zan ba ka kujerar da za ka hau."

Direban ya dubi ƙwan, ya dubi robar, ya dubi Malam. Malam ya gyaɗa kai.

"Kayanku ne," in ji shi. "Ni dai na faɗa."

"An ji. Ɗaure."

Motar ta tashi. Bas ɗin ɗalibai ya bi ta washegari. Ba-Rata ya koma kan wani kabad da aka daɗe ana jira.

Bayan kwana biyu, yana cikin gyara bakin durowa da hantsi wayarsa ta yi ƙara. Hayaniya ce a bayan muryar, da lasifika, da ƙarar injuna ƙanana.

"Kawu, sun yar da shi."

"Su wa?"

"Masu sauke kaya. A gabana. Ɗaya ya saki kafin ɗayan ya kama, ya faɗo ta kusurwa. Malam har sai da ya zauna a ƙasa."

"Hannun fa?"

"Yanzu muka fito daga wurin alƙalan duba kaya. Ya ɗauki ƙwallo ya saka a kwando, ko gezau. Da yamma za mu shiga zagayen farko."

"Ƙwan?"

"Ga shi a hannuna. Direban ma sai da ya karɓa ya girgiza a kunnensa, wai ko dafaffe ka sa. Ya ce in tambaye ka ko kana yi wa masu dakon gilashi irin wannan."

"Ki ce masa ya zo da kansa ya tambaya. Wace kusurwa ce?"

"Kawu, ana maganar gasa kana maganar kusurwa?"

"Wace ce?"

"Ta ƙasa, hagu, wajen murfi. Ta yi raga-raga."

"Akwai dunƙule biyu na ajiye miki a ƙarƙashin soso, da ƙusoshinsu. Ki sa ɗaya kafin ku juyo. Ƙusa biyu, Injiniya, kada ki ƙara ko ɗaya."

"To. Ƙwan fa, me zan yi da shi?"

"Ki mayar da shi wurinsa. Ai akwai dawowa."

Ya kashe wayar. Mai Faci na tsaye a bakin ƙofa da tsummansa.

"Yaya fasinja?"

"Ya sauka lafiya."

"To yanzu me za mu riƙa kiranka? Sunan nan ai ya tashi aiki."

Ba-Rata ya ɗauki durowar ya zura ta a gurbinta, ya tura da yatsa ɗaya. Iska ta fito da ɗan huci, ta rufu.